Ba Ƙaryar Banza Ba Ce: Abin Da Tsofaffin Finafinan Ƙagen Kimiyya Ke Gaya Wa Baƙo A Birni

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan Arewa ta bayan sallar lisha, a Agege ne ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Shagamu, ya san cewa idan aka gaji da maganar tsadar kaya da labarin gida, to hira ba ta rasa gangarowa kan silima. Nan take wani dattijo zai gyara zama ya ɗauko labarin Sholay, wanda Indiyawa suka yi a 1975, ya faɗi yadda Gabbar Singh ya addabi ƙauye, da yadda 'yan kallo suka yi tsit sa'ad da Amitabh ya mutu. Wani ya kawo Bruce Lee, wani kuma ya tuno finafinan kaboyi da harbe-harbensu. Amma da zarar wani ya ambaci fim ɗin da ake tafiya sararin samaniya, ko wanda ake ƙera mutum a masana'anta, sai a yi masa ca, a ce wannan ai ƙaryar Turawa ce, mai hankali ba ya ɓata lokacinsa a kanta.

Wannan hukunci an yi gaggawa wajen yanke shi, kuma wanda ya fi kowa hasara a ciki shi ne mutumin da ya baro garinsu ya zo Kudu neman abin kansa. Dalili kuwa, mafi kyawun waɗannan finafinai, musamman tsofaffin da aka yi tsakanin 1927 da 1985, babbar maganarsu ta ma'aikaci ce da baƙo: wane ne ake ƙirgawa cikin mutane a babban birni, wane ne kuma ake ɗauka tamkar kayan aiki, a more shi, in ya tsufa ko ya tsone wa wani ido a yar da shi. Wanda ya yi dako a kasuwar Mil 12, ko gadi a Ikoyi, ko ya tura kurar ruwa a lungunan Ikko, ba ya bukatar malamin jami'a ya fassara masa wannan tambaya.

Irin waɗannan finafinai su ake kira na ƙagen kimiyya, watau labarin da aka ƙaga bisa abin da ilmin zamani zai iya haifarwa nan gaba. Iri biyu ne. Akwai masu haske, irin su Star Wars na 1977, inda jarumi ke zare takobi ya kori mugu, kowa ya tafa ya koma gida. Akwai kuma masu duhu, inda gobe take zuwa da na'urori masu ban mamaki, amma halin ɗan Adam yana nan inda aka bar shi, mai ƙarfi na danne marar ƙarfi. To, cewa ƙarya ne, ai babu mai musu. Amma tatsuniya ma ƙarya ce, kuma ba a taɓa jin yaron da ya tashi daga gaban kakarsa ya ce ba zai saurara ba domin kura ba ta magana. Kowa ya san kwaɗayin kura na mutane ne, wayon Gizo ma na mutane ne. Haka dodon da ke cikin kumbo da mutum-mutumin da ke yawo a titi: riga ce kawai aka sa wa halin mutane don a iya kallonsa da kyau.

Tsoron da ke cikin finafinan nan kuwa ba daga iska aka ɗebo shi ba. Ran 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani gagarumin bam na nukiliya a tsibiran Bikini cikin tekun Pasifik, tokarsa mai guba ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai ɗauke da mutum 23. Suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya rasu cikin Satumba. A watan Nuwamba na shekarar nan Ishiro Honda ya fito da Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla, labarin dodon da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin teku ya zo ya ƙone birnin Tokyo. Shekara 9 ke nan kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Mutanen da suka shiga silima suka ga asibiti cike da masu rauni, ana auna yara da na'urar gwada guba, ba su ce ƙarya ba ce, domin sun san dodon, sun kuma san sunansa na gaskiya.

Kakan wannan fanni shi ne Metropolis, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus, aka fara nuna shi a Balin cikin Janairu 1927. Ba a magana a cikinsa, ba kuma launi, sai fari da baƙi da ɗan rubutu jefi-jefi. Duk da haka wanda bai san ko harafi ɗaya na boko ba zai gane shi tun daga farko. Birni ne hawa biyu. A sama akwai benaye da suka tokari gajimare, da lambuna, da 'ya'yan masu kuɗi sanye da fararen kaya suna wasa. A ƙarƙashin ƙasa kuwa ma'aikata ne ke juya injunan da ke raya birnin, awa 10 kowane zubi, masu shiga a jere kai a sunkuye, masu fita ma a jere, sai dai tafiyarsu ta fi ta masu shiga nauyi. Lamba ake ba su. Wanda ɗan mai birnin, Freder, ya karɓi aikinsa don ya ɗanɗana wahalar, lambarsa 11811.

Da mai birnin ya ji ma'aikata sun fara taruwa wajen wata yarinya mai suna Maria da ke ba su haƙuri, sai ya sa wani masani, Rotwang, ya ba mutum-mutumin ƙarfe kamanninta, aka tura ta cikinsu ta zuga su. Suka farfasa injuna, ba su tuna cewa tsayawar injin ruwa zai sako wa unguwarsu ba, inda suka baro 'ya'yansu. Nan akwai darasi ga duk mazaunin zango: mai zuga talaka ya yi ɓarna ba lalle ne masoyinsa ba, kuma idan wuta ta tashi rumfar talaka take fara ci. Ƙarshen fim ɗin dai yana da rauni, domin an sasanta ne da musafaha kawai tsakanin mai birni da shugaban ma'aikata, ba a ce an rage awa ko an ƙara lada ba, kuma shi kansa Lang ya amsa daga baya cewa wannan ƙarshe bai gamsar da shi ba. 'Yan kasuwar fim sun datse shi tun a shekarar da ya fito, sassan suka ɓace wajen shekara 80, sai a 2008 aka tsinci kwafi kusan cikakke a wani gidan adana finafinai a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, aka mayar da wajen minti 25, aka nuna wa duniya a 2010. Abin da ba shi da daraja ba a nemansa shekara 80.

Bayan shekara 52, watau a 1979, Ridley Scott ɗan Ingila ya fito da Alien. Mutane da yawa sun ɗauke shi fim ɗin ban tsoro kurum, amma a duba su wane ne ke cikin kumbon. Ba sojoji ba ne, ba kuma jarumawa ba. Ma'aikatan kamfani ne su 7, kumbonsu Nostromo na jan kaya ne, tamkar tirela da ta ɗauko ma'adini tan miliyan 20 za ta kai duniya. Maganar da ta fara haɗa su a kan tebur bayan sun farka daga dogon barci ita ce ta kuɗi: makanikai biyu, Parker da Brett, suna ƙorafin cewa kasonsu bai kai na sauran ba. Da aka ce a ratse a binciki wata alama da ke fitowa daga wata duniya, Parker ya ce wannan ba aikinsu ba ne sai in za a biya, sai aka tuna musu da wani sharaɗi da ke cikin takardar kwangila, cewa wanda ya ƙi zai rasa ladansa gaba ɗaya. Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Maiduguri ko tumatir daga Kano zuwa Ikko ya san irin wannan magana.

Suka sauka, wata halitta ta maƙale a fuskar ɗayansu. Ripley, matar da ke riƙe da kumbon a lokacin, ta ƙi buɗe ƙofa domin doka ta ce a killace mai irin wannan larura awa 24, amma jami'in kimiyya, Ash, ya buɗe. Bayan dodon ya fara cinye su ɗaya bayan ɗaya, Ripley ta binciki kwamfutar kumbon, ta tarar da umurnin asiri daga kamfani, cewa a kawo halittar nan ko ta halin ƙaƙa, ma'aikata kuwa ko sun mutu ba kome. Ash ɗin ma ashe mutum-mutumi ne da kamfani ya dasa a cikinsu. To, a nan mai kallo zai tambayi kansa: tsakanin dodon da ke kisa domin haka halittarsa take, da mutanen da suka zauna a ofis suka sa hannu a takarda, wa ya fi mugunta? Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar ko ɗaya daga cikin masu kamfanin ba, wannan ma kuwa gaskiya ce, domin lebura bai cika ganin wanda ya yanke masa hukunci ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mazauna Ikko su sani game da wannan fim. Mutumin da ke cikin rigar dodon nan ɗan Nijeriya ne, haifaffen Ikko, sunansa Bolaji Badejo. Yana karatun zane a Landan masu neman 'yan wasa suka gan shi, dogo siriri, tsawonsa ya kusa ƙafa 7, suka ce ga wanda ake nema. Ya sha wahalar rigar roba mai zafi da dogon kan dodo wanda da ƙyar yake gani ta cikinsa, kuma wannan ne kaɗai fim ɗin da ya yi a rayuwarsa. Ya komo Ikko ya buɗe gidan nuna zane-zane, ya rasu cikin Disamba 1992 yana da shekara 39, sanadiyyar ciwon sikila. Miliyoyin mutane sun razana da motsinsa, kaɗan ne suka san fuskarsa. Baƙo ne ya yi aiki mai nauyi a ƙasar wasu, aka ga aikin ba a ga mai shi ba.

Bayan shekara 3 Scott ya sake fitowa da Blade Runner, wanda masu ƙaunar wannan fanni da yawa ke ɗauka shi ne zakaransu. An ɗauko shi daga wani littafin Philip K. Dick na 1968, marubucin kuwa ya rasu cikin Maris 1982, kusan wata 4 kafin a fara nuna fim ɗin. Labarin a birnin Los Angeles ne, cikin Nuwamba 2019. Gari ya yi duhu, ruwa ba ya ɗaukewa, ana ta tallar ƙaura zuwa wasu duniyoyi ga mai hali, an bar tituna cike da masu sayar da abinci da 'yan tireda da ƙabilu iri-iri suna magana da wani gaurayayyen harshe. Wanda ya taɓa ratsa Obalende ko Oshodi da dare ana ruwa ba zai ji baƙunci a wannan birni ba.

Wani kamfani mai suna Tyrell yana ƙera mutane na tsoka da jini, masu ƙarfi fiye da waɗanda aka haifa, ana tura su waɗancan duniyoyi su yi aikin bauta da yaƙi. Don kada su waye su yi tawaye, an ƙayyade musu shekara 4 kacal su mutu, an kuma hana su taka wannan duniya. Huɗu daga cikinsu suka sato hanya suka ɓuya a birni, ba don neman sarauta ba, sai don su isa wurin wanda ya ƙera su ya ƙara musu kwana. Aka sa wani ɗan sanda, Deckard, wanda Harrison Ford ya fito a matsayinsa, ya farauce su. A bakin hukuma ba a cewa an kashe su, sai a ce an yi musu ritaya. Wannan kalma kaɗai ta isa karatu, domin kafin a zalunci mutane akan fara sauya sunan abin da za a yi musu, kora ta zama tsabtace gari, rusau ya zama gyara. Yadda ake gane su kuwa, zaunar da mutum ake yi a yi ta jefa masa tambayoyi ana duban ƙwayar idonsa da na'ura, wai a ga ko yana da tausayi. Duk wanda aka taɓa saukewa daga mota a shingen hanya saboda kamanninsa ko shigarsa, aka ce ya faɗi daga ina ya fito, ina za shi, wa ya san shi, ya san ɗumin wannan kujera.

Ɗayansu, Leon, yana da 'yan hotuna da yake tattali kamar ransa, domin wanda ba shi da dangi hoto ne danginsa. A ƙarshe shugabansu Roy Batty, wanda Rutger Hauer ɗan ƙasar Holan ya yi, ya rutsa Deckard a kan rufin bene, ɗan sandan na reto zai faɗi, bayan ya riga ya kashe biyu daga cikin 'yan'uwan Roy. Kowa na jiran ramuwa. Sai Roy ya miƙa hannu ya jawo shi sama, ya zauna cikin ruwan sama ya ambaci kaɗan daga abubuwan mamakin da idonsa ya gani, ya ce duk za su ɓace tare da shi, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya cika. Roy ba waliyyi ba ne, ya kashe mutane a hanya, har da wanda ya ƙera shi, kuma fim ɗin bai ɓoye wannan ba. Amma wanda aka ce ba shi da tausayi, shi ne ya tausaya wa mafaraucinsa. Da fim ɗin ya fito ran 25 ga Yuni 1982 bai yi kasuwa ba, jama'a sun tafi kallon E.T. mai sanyaya zuciya, sai a hankali ta hanyar kaset ɗin bidiyo aka gane darajarsa, har aka sake fitar da shi a 1992 da 2007. Hauer ya rasu cikin Yuli 2019, shekarar da Roy ya mutu a labari.

Ba kullum ne mugun ke zuwa da haƙora ko bindiga ba, wani lokaci takarda ce. A cikin Brazil, wanda Terry Gilliam ya yi a 1985, ƙuda ne ya faɗa cikin injin buga takardu a wani ofishin gwamnati, harafi ɗaya ya sauya, sunan Tuttle da ake nema ya koma Buttle. Aka fasa rufin gidan wani mai gyaran takalmi da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka sa shi a buhu a gaban iyalinsa, ya mutu a hannun masu bincike, kuma daga aljihunsa aka cire kuɗin binciken. Ofis bayan ofis kowa na cewa kuskuren ba daga teburinsa ba ne. Wanda aka taɓa juya wa harafi ɗaya a katin shaida, ya yi wata da watanni yana zarya, zai yi dariya a wannan fim, amma dariyar da ta fi kuka ciwo.

Wani zai ce, to ai 2019 ta zo ta wuce ba a ga motoci na shawagi a saman birni ba, ashe duba ce da ba ta ci ba. Haka ma Soylent Green na 1973, wanda ya ce a 2022 mutanen New York za su kai miliyan 40, alhali ƙidayar 2020 ba ta kai miliyan 9 ba. Gaskiya ne. Amma masu fim ba 'yan duba ba ne, masu gargaɗi ne, kuma mai gargaɗi ya fi kowa murna idan abin da ya faɗa bai auku ba. A cikin Soylent Green zafi ya yi yawa, mutane na kwana a kan matakalar bene, ana layin ruwa, talakawa na rayuwa da wani biskit da kamfani ɗaya ke yi, in suka yi bore a zo da motoci masu cebur a kwashe su kamar shara. Tsoho Sol, wanda Edward G. Robinson ya yi, ya ga yankin naman sa ya fashe da kuka, domin ya tuna zamanin da abinci yake abinci. Robinson ya rasu cikin Janairu 1973 kafin fim ɗin ya fito. A ƙarshe ɗan sandan da Charlton Heston ya yi ya gano cewa da gawarwakin mutane ake yin biskit ɗin. Ba a kai nan ba, Allah ya kiyaye, amma layin ruwa, da ɗaki ɗaya mutum goma, da farin da ke korar manomi daga gonarsa zuwa birni, ba sai an je silima ake ganinsu ba.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko, mutum ya wuni yana fama da rana da cunkoson motoci, in dare ya yi abin da yake so waƙa ce da rawa da ƙarshe mai daɗi, ba a ƙara masa baƙin ciki ba. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ba wanda ya ce a bar Indiya. Amma Mother India na 1957 ai kuka ne daga farko har ƙarshe, na bashi da zaluncin mai ba da rance, ba a kuwa ƙi shi ba. Akwai wani sauƙi da mutum ke samu idan ya ga an faɗi abin da ke cinsa a rai wanda ya rasa yadda zai faɗa.

Ta biyu, wasu na ƙyamar ganin an nuna ɗan Adam yana ƙera mai rai, suna ganin shisshigi ne cikin ikon Allah. To, su finafinan ma abin da suke faɗa ke nan. Masu wannan girman kai ba sa gamawa lafiya a cikinsu: Rotwang ya faɗo daga rufin majami'a, Tyrell ya mutu a hannun abin da ya ƙera, kwamfutar nan HAL ta cikin 2001: A Space Odyssey na 1968 ta juya ta kashe 'yan sama jannatin da aka ba ta amanarsu. A yau da kwamfuta ke rubutu da zane da kwaikwayon muryar mutum, wannan gargaɗi ya fi na da nauyi. Ta uku, akwai zubar da jini da wasu wurare na rashin kunya a cikin waɗansunsu. Wannan ma haka ne. Ba na yara ba ne, kuma wajibi ne maigida ya fara gani shi kaɗai kafin ya kunna a gaban iyali.

Hujja ta huɗu ita ta fi ƙarfi, watau su kansu masu yin finafinan ba su tsira daga cutar da suke nunawa ba. A 2009 Neill Blomkamp ya yi District 9, inda baƙi daga wata duniya suka maƙale a Johannesburg, aka tsugunar da su a unguwar kwano, daga baya aka riƙa bi gida-gida ana ba su takardar tashi. An ɗauko shi daga tarihin unguwar District Six ta birnin Cape Town, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta ce a 1966 ta zama ta farar fata kaɗai, ta kori mutum fiye da 60,000. Wanda ya ga rusau ɗin Maroko a Ikko cikin Yuli 1990 zai gane hoton. Amma fim ɗin da ya tashi kare baƙo, sai ga shi ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin, har ministar watsa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi. Fushinta yana kan hanya. Abin da wannan ke koyarwa shi ne a so fim ido a buɗe, a ci tsokar a tofar da ƙayar.

Gidajen silima na da sun tafi. A Agege sunan Pen Cinema ne ya rage a kan mararraba da gadar saman da aka buɗe a 2021, kuma yara da yawa da ke ambatarsa kullum ba su san an taɓa layin tikiti a wurin ba. Yanzu fim yana cikin waya a aljihun kowa, nan kuwa wata hasarar ta shigo, domin ana kallo ne ana tsallakewa zuwa wurin faɗa, kowa shi kaɗai da abin ji a kunne. Waɗannan tsofaffin finafinai ba sa son gaggawa. Da hannu aka yi su, yawancin birnin da ake hangowa a Blade Runner ƙananan gine-gine ne da aka ƙera aka haska da fitilu, kuma tafiyarsu irin ta raƙumi ce. Suna so a zauna a gani tun daga farko, a sake gani, sa'an nan a fito majalisa a yi gardama. Shin Deckard shi ma ƙerarre ne ko haifaffe? Scott ya ce ƙerarre ne, Ford ya daɗe yana cewa haifaffe, masu kallo kuwa sun shekara fiye da 40 suna musu.

Saboda haka kira na farko ga samarin nan ne masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, waɗanda suka nuna cewa harshen nan na iya ɗaukar kowane irin labari. Su gwada Alien ko Blade Runner, su fassara su bisa gaskiya, kada su mai da su wasan barkwanci. Kira na biyu kuma ga dattawan majalisa, cewa kafin su ce ƙaryar Turawa ce, su ba ɗaya daga cikin finafinan nan awa 2 na darensu. In an gama, a tambayi mai gadi da direba da ɗan dako da mai gyaran takalmi, wa suka gani a ciki. Allah ya kare mutuncin baƙo a duk inda yake, ya mayar da kowa gida lafiya.